Ka Gyara da Hannunka ko Ka Kira Mai Gyara? Hanyoyi Huɗu na Kula da Gida da Mota

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan da ya biyo baya, kuɗin gyara ya zama babban kaso a lissafin magidanci. Yawancin kayan mota da na wutar gida daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala, su ma masu sana'ar hannu sun ƙara kuɗin aiki domin kasuwa ɗaya suke cefane da kowa. Wannan ne ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe sifana ba suka fara tunanin yin wasu gyare-gyare da kansu. Wani yana da sha'awa amma yana tsoron ya ɓata abin da ke aiki, wani kuma ya kalli bidiyo a YouTube har yana jin zai iya sauke inji. Dukansu suna buƙatar ma'aunin da ya fi jin zuciya ƙarfi.

Hanyoyin da ke gaban mutum huɗu ne: ya gyara da hannunsa, ya kira mai gyara na unguwa, ya kai babban gareji ko kamfani, ko kuwa ya raba aikin, wato shi ya gano matsala ya kula da kayan da za a sa, gwani kuma ya yi ɗaurin. A ganina ba a zaɓar ɗaya a riƙe ta har abada. Kowane aiki da hanyar da ta dace da shi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi. Abin da aka biya yau wani ɓangare ne kawai, domin akwai kuɗin kayan aiki, da na zirga-zirga zuwa kasuwa, da ranar aikin da mutum ya rasa, da kuma kuɗin sake aikin idan bai yi ba. Gyaran da aka yi da araha sau uku ya fi wanda aka yi da tsada sau ɗaya cin aljihu.

Na biyu ƙarko, wanda ya dogara da abu uku: an gano ainihin matsalar, kayan da aka sa na kirki ne, an kuma ɗaure su yadda ya kamata. Na uku sauƙi, wato lokaci da kayan aiki da wurin yin aikin.

Na huɗu haɗari, kuma shi ne na fi ba nauyi. Tambayar da mutum zai yi wa kansa kafin ya taɓa komai ita ce: idan na kuskure, me zan rasa, kuma yaushe kuskuren zai bayyana? Wanda ya ɗaura kan famfo ba daidai ba zai ga ruwa na ɗiga nan take, ya rufe ya sake. Wanda ya haɗa birki ba daidai ba mai yiwuwa ba zai sani ba sai yana gudu a hanyar Kano zuwa Zariya da iyalinsa a mota. Aikin da kuskurensa ke nuna kansa da wuri, asararsa kuma ba ta wuce ɗan kuɗi da awa guda ba, shi ne wurin koyo. Aikin da kuskurensa ke ɓuya, ko yake iya taɓa ran wani, ba wurin gwaji ba ne komai ƙarfin zuciyar mutum.

Hanya ta farko: gyara da hannunka

Kayan farawa ba su da yawa: jerin sifana daga lamba 8 zuwa 19, filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai tauraro, tasta, mitar gwajin wuta, ma'aunin iskar taya, farin tef na famfo, baƙin tef na wuta, da tocila mai kyau. Duka ba su wuce kuɗin cika tankin mota sau ɗaya ko biyu ba, kuma idan aka sayi nagari za su yi shekaru. Sifana mai araha tana cinye kan noti, sai ƙaramin aiki ya koma babba, don haka gara a sayi kaɗan masu kyau.

Misalin aikin da ya dace da mai koyo shi ne fankar sama da ta rage gudu, tana gunji, sai an tura ta da sanda kafin ta tashi. Sau da yawa kafasito ne ya mutu, wani ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke ɓoye cikin kofin da ke saman fankar, kuma ana rubuta ƙarfinsa a jikinsa, galibi 2.5. Mutum zai kashe wutar gidan daga babban makunni, ya tabbatar ba za a tayar da janareta ba, sannan ya taɓa wayoyin da tasta kafin ya taɓa su da hannu. Wannan gwajin ba ƙari ba ne, domin a gidaje da yawa an ɗora makunnin bango a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, sai fanka ta tsaya alhali wuta na nan a jikinta. Rashin wuta a unguwa ma ba kariya ba ne, tunda ana iya kawo ta hannunka na kan waya. Daga nan sai ya ɗauki hoton yadda wayoyin suke, ya cire tsohon, ya tafi da shi shago a ba shi irinsa, ya mayar. Kuɗin kafasiton bai kai abin da mai gyara zai karɓa na zuwa kawai ba.

A irin wannan sahun akwai canza kan famfo da robar da ke cikinsa, gyara abin da ke tsayar da ruwa a tankin bayan gida, canza fis a fulogi mai ƙafa uku, share fulogin janareta da wanke filtarsa, da ƙara tataccen ruwa a batiran inbata masu buɗaɗɗen kai. A mota akwai duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, canza filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, canza roba mai share gilashi da ƙwan fitila, da canza taya. Mitar gwaji kuma tana raba gardama tsakanin batir da caji: batir mai lafiya da ya cika yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take, idan an tayar da ita kuma ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, matsalar ta caji ce, kuma sabon batir ba zai magance ta ba. Shekarun taya ma a rubuce suke a gefenta da lambobi huɗu, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019, yawan iskar da ta dace kuma yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Akwai wata ƙaramar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya, ta karanto abin da kwamfutar mota ke ƙorafi a kai. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, duk suna da wannan soket. Amfaninta babba ne, amma a fahimci iyakarta. Da lambobi take faɗin matsala. Misali, lambar P0301 tana cewa silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, ba ta ce fulogi ne ko koyil ko nozul ba. Wanda ya ɗauki lambar a matsayin umarnin sayen kaya zai kashe kuɗi a banza.

Ta fuskar kuɗi, babu hanyar da ta kai wannan araha bayan an mallaki kayan aiki. Ƙarko yana da kyau a ƙananan ayyuka, domin mai abu ba ya gaggawa kuma ba zai cuci kansa da kayan jabu da gangan ba. Sauƙi kuwa ba kullum ba: aikin da gwani zai gama cikin minti ashirin yana iya cinye wa mai koyo yini, musamman idan noti ya yi tsatsa. Haɗarin shi ne abin da nake so a tsaya a kai. Wutar gida volt 230 ce, tana kisa. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe, bulo kuma yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Idan za a cire batir, wayar da ke da alamar ragi ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Yoyon tukunyar gas da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba, kuma gas ɗin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan kicin. Janareta kuma ba a gwada shi a cikin ɗaki ko a zaure rufe, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda ta sha hallaka iyali guda cikin barci.

Hanya ta biyu: mai gyara na unguwa

Wannan ita ce hanyar da mafi yawanmu muke bi, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Bakaniken da ya yi shekaru yana yaron gareji kafin a yaye shi yana da kunne da hannun da littafi ba ya bayarwa. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, akwai mutanen da za su ji ƙarar mota su faɗi wane boris ne ya tafi. Masu Peugeot suna da gata na musamman, domin tun 1975 ake haɗa motocin a Kaduna, an kuma samu zuriyar makanikai da suka san 504 da 406 ciki da waje. Kuɗin aikinsu matsakaici ne, ana ciniki, wani lokaci har bashi, kuma za su zo inda mota ta tsaya.

Raunin hanyar yana wajen ƙarko, kuma yana da tushe guda: gyara ta hanyar gwaji, da magance alama a bar cuta. Mota ta fara zafi, sai ka ji an ce, "Alhaji, tamostat ɗin nan na ƙasar sanyi ne, a cire shi a haɗa fanka kai-tsaye." Zafin zai lafa na ɗan lokaci, amma an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90, kuma tamostat ne ke riƙe shi a nan. Idan babu shi, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa, ainihin matsalar kuma, ko lagireton da ya toshe ne ko famfon ruwa ko murfin da ya saki, tana nan tana jira. Haka ake naɗa waya a gurbin fis da ya ƙone, alhali fis ɗin ya ƙone ne domin ya hana wayoyin mota kamawa da wuta. Haka ake zuba mai mai kauri na 20W-50 a kowace mota, har wadda kamfaninta ya rubuta 5W-30 a murfin mai. Wasu ma cire ƙwan fitilar gargaɗi suke yi domin ta daina damun mai mota. Akwai kuma maganar amana, domin matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, tana da tsada a wurin masu saye, kuma an sha mayar wa mutane mota babu ita.

A gida ma haka abin yake. Mai wayarin nagari ya san waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma suna son 4 da layinsu daban, ya kuma san dole a binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Wanda bai ƙware ba zai ja komai da siririyar waya domin ya rage maka kuɗi, aikin ya yi kyau a ido, bayan shekara biyu silin ya kama. Saboda haka haɗarin wannan hanya ya dogara kacokan ga mutumin da ka samu. Wanda ya dace da bakanike mai gaskiya ya riƙe shi da kyau, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin matse kuɗin aiki na daga cikin abubuwan da ke tura mai gyara ga kayan banza.

Hanya ta uku: babban gareji ko kamfani

Nan ne kuɗi ya fi yawa, sau da yawa ninkin na unguwa. Abin da ake saye da wannan kuɗin shi ne na'urar bincike ta gaske, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da rasit, da alkawarin sake aikin idan bai yi ba. Ga giya mai canza kanta, da birki mai kwamfuta, da jakar iska, da motoci masu haɗa fetur da lantarki waɗanda wayoyinsu masu ruwan lemo kan ɗauki sama da volt 200, wannan ce hanyar da hankali ya yarda da ita. A ɓangaren gida, takwararta ita ce ɗan kwangilar wuta mai lasisin NEMSA, hukumar da ke sa ido kan ingancin aikin wutar lantarki. Wahalarta ita ce irin waɗannan wurare a manyan birane suke, mota na iya kwana biyu ko uku, kuma sun fi son canza abu gaba ɗaya a kan gyara shi. A kuma lura cewa babban allo da tayil a ƙasa ba shaidar ƙwarewa ba ne, don haka a nemi ganin sakamakon binciken a rubuce kafin a amince da aiki.

Hanya ta huɗu: raba aiki

A nan mutum yana koyon abin da zai sa ya gane matsala, ko da ba shi zai kwance ba. Yana zuwa gareji da bayani: ƙarar tana fitowa ne idan an taka birki, daga gaba ta dama, ga kuma lambar da na'ura ta nuna. Yana bin mai gyara kasuwa ko ya sayo kayan da kansa, yana tsayawa a kan aikin, yana karɓar tsofaffin kayan da aka cire. Ya san kaya iri uku ne a kasuwa, sabo na asali, da na Baljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha, ya kuma san inda kowanne ya dace. Ƙofa da madubi da fitila da kik na Baljiyam sukan fi sabo mai araha ƙarko. Fad ɗin birki da taya da bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul ɗin inji, kuwa sabo na kirki kawai ake sa wa. Ya san 406 bel take amfani da shi, wanda idan ya tsinke inji na tafiya yana iya lanƙwasa bawul, alhali Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙa gare ta, don haka ba za a sayar masa da abin da motarsa ba ta da shi ba.

Kuɗin wannan hanya ya yi kusa da na hanya ta biyu, ƙarkonta kuma ya fi, amma tana cin lokaci. Tana da nata haɗarin: idan kai ka sayo kaya ya zama jabu, mai gyara ya fita daga alhaki. Akwai kuma ladabi. Wanda ya tsaya a kan gwani yana yi masa gyara a gaban yaransa zai rasa shi. "Maigida, don Allah nuna mini yadda ka gane shi ne" tana buɗe baki fiye da gardama, kuma da irin wannan tambayar ce mutum ke koyon abin da gobe zai yi da kansa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Da hannunka | Mafi araha bayan sayen kayan aiki | Mai kyau a ƙananan ayyuka | Yana cin lokaci da farko | Kaɗan a ƙaramin aiki, babba a wuta da gas da birki |
| Mai gyara na unguwa | Matsakaici, ana ciniki | Ya danganta da mutumin | Mafi sauƙi, yana kusa | Gwaji, kayan jabu, rashin amana |
| Babban gareji ko kamfani | Mafi tsada | Mafi tabbas, da rasit | Nisa da jira | Kaɗan, sai yawan canza kaya |
| Raba aiki | Matsakaici | Ya fi na unguwa zalla | Sai ka ba da yininka | Alhakin kayan yana kanka |

Yadda mutum zai auna kansa

Kafin ka kwance komai, ka duba ko za ka iya faɗin abin da ya lalace da dalilin da ya sa kake zargin sa, ko kana da kayan aikin da suka dace, da kuma ko za ka iya mayar da abin yadda yake idan ka maƙale a tsakiya. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gagara, aikin bai zama naka ba tukuna. Ƙarfin gwiwar da za a dogara da shi yana zuwa ne daga ayyukan da mutum ya gama suka kuma zauna lafiya, daga kan famfo zuwa fanka, daga filtar iska zuwa juyen baƙin mai. Mai son ya wuce nan yana iya neman gajeren horo a cibiyoyin koyon sana'a na hukumomin gwamnatin tarayya irin su ITF ko NDE ko kwalejin fasaha ta jiharsa, ko ya roƙi bakanikensa ya riƙa zuwa ranar Asabar yana miƙa masa sifana.

Wace hanya ta dace da wa

Ɗan haya ya tsaya a kan famfo da ƙwan fitila da fis da fanka, duk abin da ke cikin bango ko rufi kuma ya sanar da mai gida, domin ko ya gyara daidai ba shi da hurumin fasa gini. Mita da wayar da ta taso daga fal zuwa gare ta na kamfanin rarraba wuta ne, taɓa su laifi ne ga kowa.

Ma'aikacin da ke da tsohuwar Corolla ko Golf ko 406, albashi kuma na ƙarewa kafin wata, hanya ta huɗu ce ta fi masa, tare da yin dube-duben mako da hannunsa. Direban haya da mai Keke Napep, waɗanda kowace awa a gareji asara ce gare su, ya kamata su ƙware sosai a hanya ta farko, fulogi da fis da bel da taya, su bar birki da sitiyari ga gwani tunda rayukan fasinja suke ɗauka. Uwargidan da ke riƙe da gida maigida na nesa za ta amfana ƙwarai da sanin inda ake kashe wuta da ruwa, da gwada tiyon gas da sabulu, da samun mai gyara guda da aka sani aka yarda da shi ya shiga gida.

Mai sabuwar mota da garantinta bai ƙare ba, da mai mota mai haɗa fetur da lantarki, su tafi hanya ta uku ko da ta yi tsada. Mai gina sabon gida ma haka a wajen wayarin, domin waya ce za a rufe da siminti a zauna da ita shekaru. Wanda kuwa yake zaune a ƙauye, gari mafi kusa na da nisan awa biyu, buƙatarsa ta koyon aikin hannu ta fi ta kowa: ya tanadi fis da fulogi da bel da man birki a mota, ya san injin ban-ruwansa da janaretansa sosai, manyan ayyuka kuma ya tara su zuwa ranar da zai shiga birni.